Kiran matasa sansani ba shi ne renonsu ba

Na karanta wani labari da ke cewa za a gayyaci matasan 'yan wasan zari-ruga zuwa sansanin horo domin a tace waɗanda za su shiga babbar tawagar ƙasa, kuma a ganina sansanin mako biyu ko uku ba zai wadatar ba. Abin da ke gina ɗan wasa shi ne yawan wasannin gaske da yake bugawa a ƙungiyarsa, ba zaman benci ba.

Faransa ta gane haka. Ta kafa dokar da ta tilasta wa ƙungiyoyin gasar Top 14, wato babbar gasar zari-ruga ta ƙasar, sanya adadi mai yawa na 'yan wasan da aka rena a cikin gida, sannan ta lashe gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2018 da 2019 da 2023. Romain Ntamack yana cikin tawagar 2018, kuma a shekarar da ta biyo baya ya fara buga wa babbar tawagar ƙasarsa wasa. Afirka ta Kudu kuwa tana da gasar makarantu ta Craven Week tun 1964, inda ake gano yara da wuri.

Sai dai ina roƙon masu zaɓe su yi haƙuri da 'yan sahun gaba, domin ƙarfin wuya da kafaɗa da ake buƙata wajen tunkuɗar juna ba ya cika sai an haura shekara ashirin da 'yan kai, kuma gaggawar jefa yaro cikin manya kan jawo raunin da zai datse masa wasa tun bai yi nisa ba.