Ba dokar hana tarkacen imel ce ke kashe ƙananan 'yan kasuwa ba

Tun daga Fabrairun 2024, lokacin da Google da Yahoo suka gindaya wa masu aika imel da yawa sababbin sharuɗɗa, wani tsohon kuka ya sake tasowa, wai ana shaƙe ƙananan 'yan kasuwa. Haka aka yi ta ƙorafi a 2014 da dokar Kanada ta hana tarkacen imel, wato saƙonnin talla da ba a nema ba, ta fara aiki, aka kuma maimaita a 2018 da Tarayyar Turai ta soma aiki da GDPR, dokarta ta kare bayanan mutane. Abin haushin shi ne a kullum da sunan mai ƙaramin jari ake kukan, alhali waɗanda abin ya taɓa wa aljihu su ne dillalan da ke tara adireshin mutane suna sayarwa. Fakewa ake yi da guzuma ana harbin karsana.

Sharuɗɗan mafi tsauri sun hau kan wanda ke tura saƙo 5,000 a rana zuwa akwatunan Gmail, inda aka ce ya tabbatar da cewa adireshin da yake aikawa da shi nasa ne, ya sanya wurin ficewa daga jerin masu karɓar saƙonsa da dannawa ɗaya, sannan ya cire sunan duk wanda ya fice cikin kwana biyu. Wane mai ƙaramin shago ne ke da kwastomomi 5,000 da zai rubuta wa kowace safiya?

Masu wannan kuka tsarin Amurka suke yabo, kuma dalilinsu a fili yake. Dokar CAN-SPAM, wadda Shugaba George W. Bush ya sanya wa hannu a Disambar 2003, ba ta wajabta wa mai talla neman izinin kowa ba. Muddin bai yi ƙarya a kanun saƙon ba, ya rubuta adireshinsa na gidan waya, ya kuma bar ƙofar fita, to yana da damar cika maka akwati, har an ba shi kwanakin aiki goma kafin ya daina bayan ka ce ka gaji. Dokar ta ma danne dokokin jihohi da suka fi ta ƙarfi, irin ta Kalifoniya. Wato an ɗora wa mai akwati wahalar korar waɗanda bai gayyata ba, ɗaya bayan ɗaya. Masu cewa ai goge saƙo ba ya cin daƙiƙa guda kuwa, amsarsu tana cikin nasu akwatin.

A irin wannan cunkoso, mai ƙaramin jari ne ke fara shan kashi. Matar da ke ɗinka jakunkuna, take sanar da masu sayen kayanta cewa sabon ɗinki ya fito, saƙonta na nutsewa tsakanin tallan magungunan bogi da alƙawarin gādon da babu shi, har na'urar tacewa ta haɗa shi da su ta watsar. Babban kamfani yana da kuɗin sayen talla a wani wuri, ita kuwa wannan saƙon shi ne bakinta.

Gaskiya ne dokar Kanada tana da nauyi, domin mai aikawa ne zai kawo shaidar cewa an ba shi izini, tarar kamfani kuma tana iya kaiwa dalar Kanada miliyan 10. Amma ita dokar ce ta yarda ɗan kasuwa ya ci gaba da rubuta wa wanda ya sayi kayansa har tsawon shekara biyu, abin da masu kukan ba sa son ambata.

Abin da ya cancanci ƙorafi daban ne. Saboda 'yan majalisa sun yi sakaci shekara ashirin, manyan kamfanoni ƙalilan irin su Google da Yahoo ne yanzu ke yanke hukuncin saƙon da zai isa da wanda zai ɓace, kuma mai jakunkuna ba ta da kotun da za ta kai ƙara idan suka toshe ta. Majalisu su mayar da neman izini doka, su haramta cinikin adireshi, su kuma tilasta wa masu akwatunan imel su riƙa faɗa wa wanda suka toshe laifinsa.