"A kwamfutata lafiya lau yake aiki"

Ka rubuta manhajar rijistar ɗalibai da C#, wani harshen rubuta manhaja, ka shigar da Ɗanladi, ya fito "?anladi". Ka nemi taimako, sai wani ya ce, "Ni dai a kwamfutata lafiya lau yake aiki." To, kwamfutarka zan kai wa makarantar? Wani kuma wai ka watsar da WinForms, wato tsarin gina manhajar Windows da kake amfani da shi, ka koma manhajar intanet, kamar ka zo gyaran ƙofa a ce ka rushe gidan.

Alhali abin bai taka kara ya karya ba. A SQL Server, wato rumbun adana bayanan manhajar, aka sa varchar (nau'in gurbin rubutu da bai san haruffanmu masu ƙugiya ba) maimakon nvarchar (wanda ya san su), shi ya haɗiye ƙ, ɗ da ɓ. Amma kafin a faɗa maka wannan sai ka sha lacca, wai ba ka iya tambaya ba.