Libbok ko Pollard: abin da masu gardamar lamba 10 ke tsallakewa

Jama'a, tun da Afirka ta Kudu ta doke Niyu Zilan da maki 12 da 11 a Paris ranar 28 ga Oktoba 2023, ta ɗaga kofin duniya na zari-ruga karo na huɗu, gardama ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu bin wasan nan a Kano. A gidan kallo ita ake yi, a teburin mai shayi ita ake yi, a WhatsApp ma haka. Wai wa ya fi tsakanin Manie Libbok da Handré Pollard, masu lamba 10 na Afirka ta Kudu? Masoya Libbok na cewa an zalunci yaron da aka cire shi a minti na 31 a wasan kusa da na ƙarshe da Ingila. Masoya Pollard kuma amsarsu ɗaya ce: mutumin bai ɓarar da bugu ko ɗaya a raga ba a duk gasar 2023, magana ta ƙare.

Ni a wasan sili-ɗaya-ƙwale Pollard zan saka. Amma hujjar da yawancin masoyansa ke kawowa ba ta gamsar da ni ba, domin sun mai da lamba 10 tamkar ɗan hayar da ake kira ya buga fenariti ya koma ya zauna.

Yawancinmu daga ƙwallon ƙafa muka shigo zari-ruga, shi ya sa da an ce lamba 10 sai zuciya ta tafi kan Jay-Jay Okocha, mai yanka da burge 'yan kallo. A zari-ruga aikin ya fi haka nauyi. Shi ne na farko da mai lamba 9 ke miƙa wa ƙwallo idan ta fito daga ƙarƙashin ƙartin gaba, kuma kafin ta iso hannunsa dole ya riga ya yanke shawara: ya miƙa, ya ruga, ko ya buga. Abu uku yake karantawa a lokaci ɗaya. Saurin fitowar ƙwallo daga dandazon da ake yi bayan an kayar da ɗan wasa, yawan masu tsaron da ke gabansa, da kuma inda lamba 11 da 14 da 15 na abokan hamayya suka tsaya a baya. Idan ƙwallo ta fito cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka, masu tsaro ba su gama jeruwa ba, sai ya matso daf da su ya karɓa, ya sa su tsaya cak, ya saki ƙwallo ga wanda ke shigowa da gudu. Idan ta yi daƙiƙa biyar ko shida, an riga an yi masa katanga, matsowa a nan ganganci ne. Sai ya ja baya kamar mita takwas zuwa goma ya nemi fili da ƙafa.

To a nan ne Libbok ya yi fice, idan ƙwallo na fitowa da wuri kuma fili a bushe yake. Wanda ya ga wasan Sikotilan a Marseille ya ga bugun da ya yi wa Kurt-Lee Arendse zuwa gefen fili ba tare da ya ko kalli wajen ba, ƙwallo ta sauka a hannun Arendse yana cikin gudu. Pollard ba ya irin wannan, kuma babu amfanin a yi ta musu a kai. Hannun Libbok ya fi sauri, miƙawarsa ta fi nisa, kuma shi ne ya buɗe wa Afirka ta Kudu salon kai hari ta gefe da ba a saba gani a wajensu ba.

Matsalarsa ta fito fili a wasan Ailan da suka sha kashi 13 da 8. Maki 11 suka zubar a bugun raga a ranar, tsakaninsa da Faf de Klerk. Kafin nan ma, da Malcolm Marx ya ji rauni, masu horar da ƙungiyar ba su kira wani mai lamba 2 ya maye gurbinsa ba, Pollard suka kira. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da ke damun Jacques Nienaber da Rassie Erasmus, jagororin masu horar da ƙungiyar.

Sai dai fa ba bugun raga ne ya sa aka cire Libbok a wasan Ingila ba, kuma nan ne nake ganin mutane ba su kalli wasan da idon basira ba. Ai fenaritin da ya samu a ranar ya zura shi, wanda alƙalin wasa ya ƙara matso da shi mita goma saboda bakin Owen Farrell, mai lamba 10 na Ingila. Abin da ya kayar da shi bugun hannu ne, wato wanda ake sakin ƙwallo a buga ta kafin ta taɓa ƙasa. Ruwa ake yi a daren, ƙwallo na santsi, Ingila kuma ta zo da shiri ɗaya tak: a ɗaga ƙwallo sama, a bi ta, a matsa. A irin wannan dare duk wanda bugunsa ya fi sauka inda ya dace shi ke riƙe da wasa.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin yaranmu da ke koyon wasa suna ɗaukar bugun sama a matsayin a narka ƙwallo kawai. Bugun da ake so a yi kokawa a kansa yana buƙatar ya daɗe a sama kamar daƙiƙa huɗu, ya sauka tsakanin mita 20 zuwa 30 a gaba, daidai lokacin da mai binsa zai iso ya yi tsalle tare da mai cafewa. Idan ya yi nisa, mai cafewa zai karɓa a natse, ya duba fili, ya maido maka da ita ko ya rugo da gudu. Idan ya yi gajere, ba ka ci fili ba, kuma 'yan wasanka da ke gabanka lokacin da ka buga duk sun yi satar gida, ba su da ikon taɓa kowa sai an wanke su. Idan ya sauka cikin layin mita 22 na abokan hamayya, mai cafewa zai iya kiran alama a ba shi bugu ba tare da an taɓa shi ba. Idan kuma kana wajen naka layin 22 ka buga ta fita kai tsaye ba ta taɓa ƙasa ba, jifa, wato jefo ƙwallo daga gefen fili, zai dawo daidai inda ka tsaya, a hannun abokan hamayya. Kuskure huɗu ke nan a bugu guda, kuma da jiƙaƙƙiyar ƙwallo kowannensu ya fi kusa. Ana riƙe ƙwallon a tsaye, a sake ta ba tare da ta juya ba, a daki ƙasanta da ƙashin saman ƙafa. Da ta ɗan karkace a hannu saboda santsi, sai ta tafi gefe. Libbok ya yi ta samun wannan matsala, shi kuwa Freddie Steward na Ingila yana ta cafe kusan duk abin da aka ɗaga masa.

Kuma a yi adalci: a daren nan mai lamba 10 da ya fi kowa wasa Farrell ne. Fenariti huɗu ya zura kafin hutun rabin lokaci, aka tafi 12 da 6, sannan ya dawo ya yi bugun dirof daga wajen tsakiyar fili, maki ya koma 15 da 6. Bugun dirof kuwa sai ƙwallo ta fara taɓa ƙasa kafin ƙafa ta same ta, ga jiƙaƙƙiyar ciyawa da ke hana ta tashi, ga ƙarti suna rugowa su tare. Da Ingila ta yi nasara, da yanzu sunan Farrell ake yi, babu mai tuna Pollard.

Me ya juya wasan? Turereniya, wato inda ƙartin gaba takwas-takwas ke haɗa kafaɗa su tura juna don neman ƙwallo. Da aka sako Ox Nché da Vincent Koch a sahun gaba, sai Ingila ta fara ja da baya duk lokacin da aka haɗa kafaɗa, alƙali kuma ya fara busa fenariti. Ɗaya daga ciki Pollard ya aika can kusa da layin Ingila, aka yi jifa, RG Snyman ya dangwala ƙwallo a bayan layi ya ci maki biyar, Pollard ya ƙara biyu, 15 da 13. Fenaritin ƙarshe ma daga turereniya ya fito, kusa da tsakiyar fili, saura minti biyu ko uku a tashi. Pollard ya zura, aka tashi 16 da 15. Ƙarti takwas ne suka samo bugun, amma samo shi daban, zura shi daga kusan mita 50 cikin ruwa da gajiya kuma daban. Sandunan nan faɗin mita 5.6 ne tsakaninsu, sandar tsakiya mita 3 daga ƙasa, kuma daƙiƙa 60 gare ka. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Dalilina na zaɓar Pollard shi ne ya dace da makamin da ƙungiyarsa ta fi ƙarfi a kai. Ƙungiyar da ke samun fenariti daga turereniya tana buƙatar mai mai da shi maki uku daga ko'ina a rabin filin abokan hamayya, ko ya aika shi kusurwa ba tare da ya kasa fitar da shi ba. Idan babu irin wannan mutum, abokan hamayya za su yi ta yin laifi a tsakiyar fili hankali kwance, don sun san ba za a hukunta su ba. Da Pollard a fili, laifi a mita 50 ma maki ne, kamar yadda Faransa ta gani a kwata fainal da ta faɗi 29 da 28. Ga kuma tsaro. Layin lamba 10 shi ne inda ake turo manyan masu gudu bayan jifa, Pollard kuwa ya haura kilo 90 kuma ba ya kaucewa. Wannan ya ba su damar zuwa wasan ƙarshe da ƙartin gaba bakwai a benci da ɗan baya ɗaya tak, Willie le Roux, Libbok ko benci bai samu ba.

A wasan ƙarshen ma akwai wanda ake ɗora wa laifin da bai kai ba. Ana cewa Richie Mo'unga, mai lamba 10 na Niyu Zilan, ya zubar wa ƙasarsa kofi don ya ɓarar da bugun ƙari bayan Beauden Barrett ya dangwala. Bugun ƙari ana yin sa ne daidai layin inda aka dangwala ƙwallo, Barrett kuwa can gefen fili ya dangwala, wurin da ya fi ko'ina wahala. An manta cewa da mutum 14 suka buga mafi yawan wasan bayan jan katin Sam Cane, kuma Mo'unga ne ya tsaga tsaro ya ba Aaron Smith ƙwallon da aka soke saboda laifin da aka yi tun a wajen jifa. Afirka ta Kudu ba ta ƙara ko maki ɗaya ba bayan hutu. Jordie Barrett ma ya ɓarar da fenariti mai nisa ana dab da tashi.

Masu cewa wasan bugu ba wasa ba ne su duba tarihi. Joel Stransky ya ci wa Afirka ta Kudu kofin 1995 da bugun dirof, Jonny Wilkinson ya ci wa Ingila na 2003 da irinsa, da ƙafar dama alhali da ta hagu ya saba bugu. Dan Carter da kowa ya yarda ya iya gudu da miƙawa, shi ma sai da ya yi dirof a wasan ƙarshe na 2015. A gasar 2023 George Ford shi kaɗai ya ci duka maki 27 da Ingila ta doke Ajantina da su, dirof uku da fenariti shida, bayan an kori Tom Curry tun minti na uku.

Abin da ya fi damuna shi ne darasin da yaranmu masu saka lamba 10 a Kano za su ɗauka, ko a ƙungiyar Barewa ko a ƙungiyoyin makarantu. Kowa na son ya yi bugun Libbok ba tare da kallo ba, ba kowa ke son tsayawa bayan atisaye ya yi bugun raga ba. Kuma filayenmu suna yaudara. Hunturu na shigowa, ƙasa za ta bushe ta yi tauri, ƙwallo za ta riƙa tashi da kanta idan an sake ta, sai yaro ya ɗauka ya iya dirof. Ran da ya taka ciyawa mai laima sai ƙwallo ta kwanta masa a ƙafa. Maganinsa ya koyi sakin ƙwallo daga daidai gwiwa, kan tsininta, ta ɗan jingino wajensa, ya same ta da zarar ta taɓa ƙasa, ba sai ta taso ba. A busasshiyar ƙasa kuma bugun mirgine ya fi bugun sama riba, domin ƙwallo na gudu sosai, ga dokar 50:22: ka buga daga rabin filinka, ta taɓa ƙasa, ta fita a cikin layin 22 na abokan hamayya, jifa naku ne. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, don haka kafin a fara wasa ya san ɓangaren da za ta taimake shi, ya rage tsayin bugu idan yana fuskantarta. Masu horarwa kuma don Allah a daina ba yara bugun raga a farkon atisaye suna da sauran ƙarfi. A ba su bayan sun yi gudu sun yi kaye, numfashi na sama-sama, daga gefen fili na dama da na hagu, da agogo a hannu ana ƙirga musu daƙiƙa 60.