Daga bakin wa Rashiduddin ya ji addinin mutanen Sin?

A birnin Tabriz, farkon ƙarni na 14, Rashiduddin, wazirin sarakunan Mongol na Iran, ya duƙufa rubuta tarihin duniya da Farisanci, Jami'ut Tawarikh. Da ya iso kan ƙasar Sin, bai tsaya ga jita-jitar fatake ba. Ya nemo masana biyu 'yan Sin, suka baje masa wani littafin tarihi da malaman addinin Buddha uku suka tsara, tun daga Pangu, wanda tatsuniyar Sin ke fara halitta da shi. Rayuwar Buddha kuwa, da ke sashen Indiya, daga bakin Kamalashri ya ɗauko ta, wani malamin Buddha ɗan Kashmir.

A duba lokacin da aka yi haka. Sarki Ghazan, ɗaya daga sarakunan Mongol ɗin, ya musulunta a 1295, ya sa aka rushe ɗakunan bautar Buddha a ƙasarsa. Ba a cika shekara ashirin ba, wazirinsa na zaune da mabiya addinin yana tambaya, ana amsawa, yana rubutawa. Kuma ya faɗi sunan waɗanda suka ba shi labari. Wannan tarbiyyar isnadi ce, kuma ita ta sa nake ganin girman aikin: mai karatu ya san inda ruwan ya ɓuɓɓugo.

Sanin maɓuɓɓugar ne ma ke nuna inda labarin ya karkata. Littafin malaman Buddha ne, don haka da idonsu Rashiduddin ya kalli Sin. Haihuwar Buddha ta samu gurbi a jerin sarakunan Sin, alhali ba a can aka haife shi ba. Konfushiyas, wanda karatun ma'aikatan sarki ya ginu kan koyarwarsa, ɗan ambato ya samu. Sannan wazirin ya zuba abin da ya ji cikin kalmomin da masu karatunsa Musulmi suka sani: ya kira Buddha annabin mutanensa, mai jarabtarsa da ake kira Mara kuma ya zama Iblis. Wasu na ganin wannan gurɓatawa ce. Ni ina ganin likita ne Musulmi, haifaffen gidan Yahudawa a Hamadan, yake neman kalmar da zai fahimtar da jama'arsa abin da ba su taɓa gani ba.

Ya yi waƙafi a unguwar da ya gina, Rab'i Rashidi, don a riƙa kwafar littafin kowace shekara da Larabci da Farisanci. An kashe shi a 1318, aka wawashe unguwar. Wani ɓangare na kwafin Larabci da aka yi yana raye na nan a Jami'ar Edinburgh.