Asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba

A gidajen Hausawan Sudan, daga Mai Wurno har Gadarif da Kasala da Damazin, idan yaro ya ci jarrabawar shahada ta gama sakandare, addu'a guda ake yi masa: Allah ya sa ya zama dakta. Idan makinsa bai kai na likitanci ba, sai a ce ya koma gona ko kasuwa. Yarinya kuwa, sai a fara zancen aure. A ganina asara muke jawo wa kanmu, don mun manta da sauran ayyukan asibiti kamar jinya da ungozoma da awon jini.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, manyan asibitocin Khartum suka tsaya, Wad Madani da ta karɓi marasa lafiyarsu ita ma ta faɗa cikin rikicin a Disambar shekarar, likitoci da dama suka fice zuwa Masar da Saudiyya. Da kwalara ta mamaye Kasala da Gadarif a 2024, yawancin waɗanda suka kwana suna yi wa mutane ƙarin ruwa ma'aikatan jinya ne da malaman asibiti da matasan unguwa 'yan sa-kai. Cutar kala-azar, mai sa zazzaɓi da kumburin saifa, da ta daɗe tana cin manoman Gadarif, sai da mai awon jini ake gano ta, kuma allurarta ta makonni ce, kullum sai an yi. Wannan aikin nas ne. A gidan marayu na Maigoma a Khartum jarirai da yawa sun rasu a farkon yaƙin, har da dalilin rashin masu reno.

Maganar ungozoma ta fi ci mini rai. Tun 1921 aka buɗe makarantar ungozomai a Omdurman, kuma matan da ba su iya karatu ba ta fara ɗauka, suna gane magani ta wari da ɗanɗano. Yau 'ya'yanmu sun gama sakandare, ga makarantar koyon ayyukan lafiya da ma'aikatar lafiya ta kafa a 2005 da rassa a jihohi, amma mu ne muke jan ƙafa. Alhali mun san matanmu. Mai juna biyu za ta ɓoye zubar jini kwana da kwanaki don kunyar faɗa wa namiji, balle da Larabcin da ba kowace ta ƙware a kansa ba. Da 'yar gida ce a ɗakin haihuwa, wadda za ta ce mata "Yaya, faɗa mini inda ke ciwo", da tun da wuri an kai ta.

Iyayen da ke cewa albashin ba ya riƙe gida suna da gaskiya. Kaɗan ne, kuma a wannan yaƙin an yi watanni ba a biya ba. Sai dai wanda ya iya jinya ko awon jini, ko gudun hijira ya yi da sana'arsa yake tafiya, kuma ƙungiyoyin agaji a sansanoni irinsa suke nema.

Abin da ke tare yaranmu a ƙofa sau da yawa takarda ce da kuɗin rajista. Sarakunan Hausawa da masu unguwanni su tsaya wa kowane ɗalibi ya samu lambar ɗan ƙasa tun kafin jarrabawa, attajiran kasuwar riɗi ta Gadarif kuma su ɗauki nauyin 'yan mata ko biyu-biyu daga kowane ƙauye, da sharaɗin su dawo su yi wa ƙauyen aiki.