Gidan haya a Shikago, gidan haya a Kaduna

Ranar da na kama haya kusa da filin shaƙatawa na Marquette Park a Shikago ta Amurka, takardar albashi da kuɗin ajiya kawai mai gidan ya nema. Na ɗauka haka garin yake tun fil azal, sai da na saba da wata tsohuwa baƙar fata da ke hawan ƙasa. Mama nake ce mata. Har yau ba ta yarda a sa gado kusa da taga. Ta ce suna yara, da suka tare a unguwar Turawa, mahaifiyarsu a ƙasa take shimfiɗa musu saboda jifan dare, mahaifinsu kuwa a kujera yake kwana, fuskarsa na kallon ƙofa.

Ba ƙarin gishiri ta yi ba. A 1951 wani direban bas baƙar fata, Harvey Clark, tsohon sojan yaƙin duniya na biyu, ya kama haya a Cicero, gab da Shikago. A watan Yuli Turawa wajen 4,000 suka yi wa ginin dirar mikiya, suka watso kayan ɗakinsa ta taga suka cinna musu wuta, sai da Gwamna Adlai Stevenson ya turo dakaru. Abin takaicin ma, da aka tashi tuhuma, lauyan Clark da wadda ta ba shi hayar aka fara tuhuma, masu jifa suka tafi abinsu. Wannan fa shekara uku bayan Kotun Ƙoli ta ce, a 1948, kotuna su daina tilasta yarjejeniyar hana baƙar fata gida. A 1953 aka sake kwata irin wannan tarzomar a unguwar Trumbull Park ta Shikago. A 1966, a filin nan na Marquette Park da nake kai yarana wasa, aka jefi Martin Luther King da dutse a ka. Dokar hana wariya a harkar gidaje sai 1968 ta zo.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji 'yan uwanmu sababbin zuwa suna yi wa baƙaƙen Amurka kallon hadarin kaji, wai malalata ne. Malam, inuwar da kake sha, wani ne ya sha rana ya dasa bishiyar.

Kuma mu wa za mu yi wa gori? Ni ɗan Kaduna ne. Na tashi na ga Musulmi a Sabon Tasha da Television, Kirista a Tudun Wada da Rigasa, ana aika wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti. Rikicin 2000 da na 2002 suka mai da kogin Kaduna iyaka. Mutane suka sayar da gidajen gado a wulaƙance, wasu musaya suka yi, kowa ya bi nasa. A nan Amurka aƙalla an je kotu, an yi doka, tsofaffi suna ba jikoki labari ba kunya. Mu kam mun yi shiru, mun ce ai zaman lafiya ke nan, alhali tsoro ne ya raba mana gari.

Da na ba Mama wannan labari ta yi jim, sannan ta ce, "To ku da fatarku ɗaya, yaya ake gane wanda za a hana gida?"

Na ce, "Mama, dillali sunanka yake fara tambaya."