Ni Dai Ba Tsoro Na Ji Ba

Ƙanwar matata ce ta shigo mana da fitinar, a cikin wayarta. Ta zo hutun Babbar Sallah daga makarantar koyon aikin jinya, sai na ga ita da yayarta sun haɗa kai sun duƙufa kan waya, har tuwo ya kama a tukunya ba wadda ta ji ƙauri. Na tambaye su soyayyar su wa ake karantawa haka. Suka ce ba soyayya ba ce, littafin ban tsoro ne, na wata marubuciya da ke sakinsa shafi-shafi ta WhatsApp. Farkon kyauta ne, in ka yi nisa ya kama ka sai ta ajiye maka lambar asusu, ka tura naira 500 kafin ka ga ci gaba.

Na yi dariya. Ni fa a zamanin shagon haya na taso, lokacin da ake karɓo littafi na ɗaya yau, a mayar gobe a karɓo na biyu. Ina garin nan na Kano a 2007, sa'ad da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, saboda tarbiyyar 'yan mata. Waɗanda ni na karanta a wancan zamanin kuwa, abin tashin hankalin da ya fi girma a cikinsu bai wuce a ba wa wani Alhaji budurwar talaka ba. Shi ne yau za a ce rubutun waya zai girgiza ni?

"Yaya, ka bar shi kawai," in ji ƙanwar. "Ba irin naka ba ne."

"Ke yarinya, ni da kike gani har wankan gawa an yi da ni."

An yi da ni ɗin ne. Ni na riƙa miƙa ruwa daga bakin ƙofa, kuma ba a wanka sai da ruwa.

Ta turo mini. Labarin wani mahauci ne mai fara'a, da rana yana sayar da nama a bakin kasuwa, da dare yana yanka mutane a wani kango bayan gari don tsafi. Marubuciyar ba ta san a taƙaita ba. Inda wani zai ce "ya kashe shi" ya wuce, ita sai ta ja kujera ta zauna: yadda wuƙa ta shiga, ƙarar da maƙogwaro ya yi, launin abin da ya zubo. Kawunan kuma yana tara su a baho ya rufe da faifai, in dare ya raba sai faifan ya zame da kansa, kan ya buɗe ido ya ce a ba shi ruwa. Na karanta wajen nan ranar Arfa da azumi a bakina, na ajiye wayar na ce wannan ai rashin fasaha ne, sannan na sake ɗauka don in tabbatar da rashin fasahar.

Don kada a ce ra'ayina ni kaɗai ne, sai na tura wa 'yan majalisarmu ta bakin mai shayi. Daren Sallah, bayan kowa ya gama da ragonsa, zancen da aka yi ke nan har aka manta da tsadar dabbobin bana.

Mahaucin layinmu ne ya fara, ransa a ɓace. Ba kisan ne ya dame shi ba. "Wannan matar ba ta taɓa leƙa kwata ba," in ji shi. "Wai da wuƙa ɗaya ya yanka, ya feɗe, ya sare haƙarƙari. Wace wuƙa? Ƙashi sai gatari. Kuma ta ce ya gama fiɗa kafin ladan ya gama kiran sallah. Yau raguna nawa na feɗe a layin nan, wanne na gama haka? Sannan don Allah, duk sana'o'in duniya ta rasa wanda za ta ɗora wa sai mahauci? Me ya hana ta ce tela ne?" Telan majalisar ya ce a bar shi ya ji da masu ɗinkin Sallah da suke nemansa ruwa a jallo.

Na'ibin limaminmu ya ce shi bai ga amfanin irin waɗannan littattafai ba, ɓata lokaci ne da ƙeƙasar da zuciya, shi ko buɗewa bai yi ba. Aka yi shiru don girmamawa. Can sai ya ƙara da cewa kuma ita yarinyar nan ta shafi na 40, da ta yi azkar ɗinta na yamma tun kafin ta fita, da duk haka ba ta faru ba, amma sai da ta ga kai yana magana sannan ta tuna da Ayatul Kursiyyu. Na ce, "Allah gafarta Malam, ashe an kai shafi na 40." Ya ce yara ne suke karantawa a kusa da shi.

Mai shayi shi kuɗinsa yake yi wa kuka. Ya biya 500, marubuciyar ta tsaya daidai inda aka ɗaga wuƙa, ta ce ta tafi hutun Sallah.

A gida ma na tarar da nasu zaman. Ƙanwar matata ta ce jinin da ke jikin babban mutum gaba ɗaya bai wuce lita 5 ba, ledar da ake ɗiba a asibiti ma ba ta cika rabin lita, amma a littafin nan mutum ɗaya ya cika baho, ya malale tsakar gida har zaure, kuma ya tashi ya yi gudu. Ta ce an kuma ciro hanta ta ɓangaren hagu, alhali a dama take, da a jarrabawa ne da marubuciyar ta maimaita aji. Tana faɗa tana tsoma soyayyar hanta a yaji.

Uwargida kuwa matar mahaucin ta tsana. "Wace irin mace ce miji zai riƙa shigo mata da nama kullum a wannan tsadar, ba ta taɓa cewa Malam ina kake samowa ba? Ni ko rabin kilo ka shigo da shi ranar da ba albashi sai na ji dalili." Wannan gaskiya ne, ni shaida ne.

Suka tambayi nawa ra'ayin. Na ce littafi ne na yara, ban ga abin tsoro a ciki ba, kuma hantar ce ba na sha'awa yau saboda maiƙo.

Wajen ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta. Janaretanmu tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya koma wajen shanya tsumma, don haka fanka ta tsaya, zafi ya sauko. Ban yi barci ba dama, ina ƙarasa nazari a kan rashin fasahar nan, cajin wayata ya kusa ƙarewa. Ƙishirwa ta kama ni. Na ɗan taɓa uwargida na ce ko ita ma tana jin ƙishirwa mu je tare, ta juya ta ba ni baya.

Na kunna fitilar waya na fita. Na tsallake tsakar gida ina kallon ƙasa, na tura ƙofar kicin, na nufi randa. Ƙafata ta daki wani abu, ya ce ƙwal. Na haska. Baho ne, an rufe shi da faifai.

Ina tsaye ina kallo, wallahi ban taɓa shi ba, faifan ya fara zamewa a hankali. Ƙaurin babbaka ya bugi hancina. Sai ga ido, fari fat, ya kafe ni. Sai ga haƙora a jere, leɓe ya ƙone ya ja baya, harshe ya leƙo ta gefe. Sannan kan ya motsa. Ya ɗan ɗaga, ya koma, ya sake ɗagawa kamar mai shirin gaisuwa. A daidai nan wayar ta mutu.

Na buɗe baki in ja Ayatul Kursiyyu, abin da ya fito addu'ar cin abinci ce. Na karanta ta har ƙarshe, don ba a barin addu'a a rabi. Daga nan na juya, ba gudu na yi ba, sauri ne, na fito tsakar gida a cikin duhu, na yi karo da wani mutum dogo, sanyi ƙalau, ba riga a jikinsa, ba ma fata. Ya yi baya, ya dawo, ya ɗora mini hannu a kafaɗa.

Masu cewa sun ji muryata har bakin titi ƙari suke yi. Abin da na sani na ce shi ne, "Jama'a a kawo ɗauki," cikin natsuwa gwargwadon hali.

Daren Sallah kowa da nama a rataye, kowa kunnensa na kan ɓarayi. Kafin ka ce kwabo an fara busa usur, 'yan sintiri sun dira ta katanga da gora da tocila, maƙwabta sun cika zaure, mahauci ya taho da gatarin da ya ce marubuciya ba ta sani ba. Aka haske gidan. Ga ragon layyata da na rataye da hannuna don ya sha iska kafin suyar gobe, yana ta lilo a igiya. Ga kan ragon a baho, wanda yara suka babbake da yamma za a yi langaɓu, ga kyanwar maƙwabta ta fito daga ƙarƙashinsa da guntun kunne a baki. Ni kuma aka same ni a bayan tankin ruwa, da singileti da gajeren wando, riƙe da muciya. Har yau ban san lokacin da na ɗauko ta ba.

"Malam, ina ɓarawon?" in ji shugaban 'yan sintiri.

Na gyara tsayuwa na ce babu ɓarawo, gwaji ne. Kuɗin sintiri muke biya duk wata, ya kamata lokaci-lokaci a san ko ana aiki. Ba wanda ya ce komai. Na'ibi ya dube ni, ya dubi bahon da faifan, ya ce, "Shafi na 40," ya juya ya fita. Ƙanwar matata ta zauna a bakin rijiya tana dariya har da riƙe ciki, yayarta na cewa ta bari mana, ita ma muryarta na rawa.

Da rana aka yi langaɓu, ya sha kayan ƙamshi, gidan duk ya ɗauka. Na ce a kai kasona ga 'yan sintiri, hakkin maƙwabtaka ne, kuma sun ci gwaji. Da yamma shugabansu ya zo godiya, ya same ni a majalisa. Ashe shi ma ya karanta, yaron mai shayi ne ya tura masa. Ya ce littafin ya yi daɗi, abu ɗaya ne ya ɓata masa rai: an yi ta kururuwa a kangon nan tun tsakar dare har asuba, marubuciyar ba ta kawo ɗan sintiri ko ɗaya ba.

"Wannan cin fuska ne," in ji shi. "Mu da kai, Malam, kai shaida ne. Ko ihun farko ba ka gama saukewa ba muka iso."